Wari Biyu, Duk Na Hagu

Mata masu sharar titi ne suka tsinci gawar da safe, a bakin lambatun da ke bayan rumbunan ajiye kaya. Kafin Sufeto ya iso mutane sun yi cincirindo, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Ba fuskar matar suke kallo ba. Ƙafafunta suke kallo.

Dattijuwa ce, siririya kamar tsinke. Zaninta ya koɗe har ba a gane kalarsa ta asali. Amma a ƙafafunta akwai takalma farare fat, sababbi ƙal, irin waɗanda ake jerawa a bayan gilashi a manyan kantuna, a haska musu fitila kamar jarirai a asibiti.

"Kai!" in ji Saje, ya riƙe baki. "Oga, wallahi irinsu ne ɗana ya hana ni sakat a kansu. Na je na tambayi kuɗin, da mai kantin ya faɗa sai na ce masa ba babur na zo saye ba."

Sufeto bai yi dariya ba. Tun da matarsa ta rasu dariya ta yi masa tsada. Ya durƙusa ya ɗaga hannun gawar. Yatsun sun yi ɓawon busasshen gam, faratan sun kakkarye, a ƙarƙashinsu akwai ɓurɓushin koren fenti. Warin gam na tashi daga tufafinta har yana sa ido hawaye.

Ya koma kan takalman. Sun yi mata girma. Ƙasansu ko ƙura babu, kamar ba su taɓa sanin akwai ƙasa a duniya ba. Kuma na ƙafar dama ya karkace, hancinsa na kallon waje.

Ya zare su a hankali, ya jera a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo.

"Saje, zo ka gani."

Saje ya sunkuyo, ya ja da baya. "Innalillahi! Duk na hagu ne!"

"Rufe bakinka. Sa su a leda. Duk wanda ya tambaye ka, sababbin takalma ne. Ka ƙara kalma ɗaya in tura ka gadin banki."

Da suka koma caji ofis, sai suka tarar an riga an warware musu aikin. Wani mutum mai ƙaramin tumbi da katon agogo na zaune a kan benci yana karkaɗa ƙafa. Ya miƙe ya ce shi ne manajan kamfanin takalma na bayan tasha.

"Yallaɓai, ai mun hutar da ku. Matar nan ma'aikaciyarmu ce, a ɓangaren gam take. Sata ta yi ta gudu, Allah ya kama ta a hanya. Abokiyar satar kuwa ga ta can a bayan kanta, na kawo muku da kaina. 'Yarta ce."

"Ya aka yi ka san da hannun 'yar?"

Manaja ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da yake jira. "Tsarina ne, yallaɓai. A kamfaninmu ba a yin hagu da dama a waje guda. Ɗakin hagu daban, ɗakin dama daban, akwai bango a tsakani. Ba sa haɗuwa sai a ɗakin kwali. Ka ga in ma'aikaci ya saci wari ɗaya, sai dai ya yi ɗingishi da shi. To uwar tana hagu, 'yar tana dama. Wannan ta ɗauko ɗaya, waccan ta ɗauko ɗaya. Biri bai yi kama da mutum ba?"

"Ya yi," in ji Sufeto. "Yaushe kuka gano satar?"

"Jiya."

"Jiya ba ranar hutu ba ce?"

Manaja ya duba agogonsa, kamar amsar na ciki. "Mu ba ma hutu, yallaɓai."

Sufeto ya sallame shi, ya shiga ofishin ogansa, domin an aiko kiransa. Ogan bai ko ɗago kai ba. Ya ce mai kamfanin babban mutum ne, shi ya yi musu fentin ofis bara, saboda haka gobe da safe a kai yarinyar kotu, a ba dangi gawa, a rufe magana. Sufeto ya ƙame, ya sara, ya fito. Ya daɗe da gane cewa fenti yana rufe abin da ya fi bango.

Yarinyar na tsugune a lungun ɗakin tsaro, ba ta fi shekara ashirin ba. Idonta ya bushe. Daga bakin Manaja ta ji mutuwar uwarta, a cikin mota, a tsakiyar zagin da yake yi mata.

Sufeto ya ja kujera. "'Yata, yaya ake kiran ki?"

"Auta."

"Auta, yaushe rabonki da Innarki?"

"Shekaranjiya da safe, a bakin ƙofar kamfani. Muka cire takalma tare."

"Kuka cire takalma?"

"Dokar ke nan, Baba. Ba mai shiga da takalmi. Wai kada mu shiga da tsoho mu fito da sabo. A wata kantar katako muke ajiyewa wurin maigadi, mu yi aiki ƙafa ba komai."

Saje ya kalli Sufeto. "A kamfanin takalmi?"

"Ci gaba, 'yata."

"Ranar baƙi ce. Masu sayen kayan sun zo daga waje duba yadda muke aiki. Aka kunna fankoki, aka raba mana takunkumin hanci, aka buɗe ƙofar baya da ban taɓa ganin ta a buɗe ba. Aka ce duk wanda aka tambaya ya ce lafiya lau. Da suka tafi aka karɓe takunkumin." Ta ci gaba. "Da aka tashi na tsaya jiran Inna. Kowa ya ɗauki takalminsa ya tafi, kanta ta zama wayam, sai silifas ɗinta kaɗai. Shuɗi ne, igiyar ɗaya ta tsinke na ɗaure mata da jar waya. Na tambayi Baba maigadi, ya ce ta fita tun da rana. Na ce ta fita ba takalmi? Ya kore ni. Jiya na zaga asibitoci da gidajen dangi. Yau na koma kamfani, suka kama ni."

"Innarki tana da wani ciwo?"

"Tari. Duk 'yan gam suna yi, amma nata ya fi. In ya taso mata har sai ta dafa bango." Ta ɗago kai a karon farko. "Baba, ni a kai ni ko'ina. Amma kada a binne Inna da sunan ɓarauniya. Ko allura ba ta taɓa ɗauka ba."

Sufeto bai yi mata alkawari ba. Ya sha ganin yadda alkawarin ɗan sanda ke ƙarewa.

Likitan da ya duba gawar ya tare su a bakin ɗakin ajiye gawa yana wanke hannu. Ya ce ba duka, ba sara, ba mota. Numfashi ne ya ƙare mata, a wuri rufaffe mai tiririn gam, kuma ba a nan take ba. Ya ce faratan nan a jikin ƙofa ta karya su.

"Ta daɗe?" in ji Saje.

"Ka fi son in yi maka ƙarya?"

Saje ya fita waje ya tsaya yana kallon bango.

Kamfanin dogon gini ne na kwano, tagoginsa can sama kusa da rufi, ƙarar injuna na fita kamar ana niƙa ƙarfe. A bakin ƙofa ga kantar da Auta ta faɗa: ɗaruruwan silifas da takalman roba, wasu an ɗinke, wasu an liƙe, wasu diddigen ya cinye har ya huje. Sufeto ya karanta littattafai da yawa a kan talauci, a dogayen yammacin da ba shi da abokin hira. Babu wanda ya bayyana shi kamar kantar nan.

Maigadin tsoho ne mai furfura. Ya fito daga bayan ɗakinsa riƙe da buta, ya rusuna.

"Baba, matar da ta rasu, ka ga fitarta?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Da rana tsaka, da gudu."

"Da wane takalmi?"

"Da na sata."

"Ka gan ta da na sata ka bar ta ta wuce? Ashe aikinka bai yi maka wuya ba. Nata silifas fa, da ta bari a kantar nan?"

"Ban san shi ba."

"Jiya wa ya shigo?"

"Ko kaza, ranka ya daɗe."

Sufeto ya sauke idonsa. Ƙasa yake kallo. Tsohon ya bi idonsa, ya ga abin da yake kallo, sai buta ta suɓuce masa. A ƙafarsa akwai shuɗin silifas, ya yi masa kaɗan har diddigensa na taɓa ƙasa, igiyar ɗaya ɗaure da jar waya.

"Cewa aka yi in ƙona," in ji shi. "Na kai bakin wuta, na ga da sauran ƙarfinsa. Ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai ƙona takalmi mai kyau? Na ce in riƙa shiga bayi da shi."

"Wa ya ce ka ƙona?"

Tsohon ya girgiza kai. "Ina da jikoki a hannuna. Ka kashe ni, amma ba a bakina ba."

"Cire. Ba ni."

Manaja ya iso da sauri yana goge zufa. Sufeto ya ce a zaga da shi. Suka shiga ɗakin hagu. Zafi ya buge su kamar an buɗe tanda. Mata a jere, kai a sunkuye, ƙafa ba komai a kan siminti, fankoki a sama shiru kamar hoto. Tari na tashi nan da can. A ƙarshen ɗakin ga kantoci cike da fararen takalma, a gefensu wata ƙaramar ƙofar ƙarfe mai koren fenti.

"Nan fa?"

"Ma'ajin gam ne. Ba komai a ciki."

"Buɗe in ga ba komai ɗin."

Ba taga. Gangunan gam ne har rufi. Saje ya toshe hanci ya ja baya yana tari. Sufeto ya juya bayan ƙofar ya haska da wayarsa. Daga tsayin ƙirji zuwa ƙasa an kankare fentin, layi-layi, har ƙarfen ya fito. Layukan na ƙasa sun fi gajarta.

Manaja ya ga abin. Ya zauna a kan ganga. "La'ilaha illallahu. Wallahi ban sani ba. Wallahi tallahi."

"Makullin nan nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wurina."

"Ɗayan fa?"

Manaja ya kau da kai.

"Wa ya gaya maka an yi sata ranar hutu?"

"Ni dai waya aka yi mini, aka ce mai gam ta gudu da takalma, in kai rahoto. Ni na ƙara maganar 'yar, don na san mutum ɗaya ba zai haɗa hagu da dama ba."

Da suka fito, Saje ya ja hannun Sufeto gefe. "Oga, shi ne. Makulli a hannunsa. Mu ɗaure shi."

"Wanda ya gina bango tsakanin hagu da dama, shi zai manta da bangon? Ko maigadi ba zai yi wannan wautar ba. Duk mai cin abinci a gidan nan ya san abin da ke kan kantar can. Wanda muke nema, mutum ne da ke cin gidan nan bai san yadda ake dafa shi ba."

Mai kamfanin ya iso bayan la'asar a wata baƙar mota mai tsawon jirgin ruwa. Bai fi arba'in ba, fata sumul, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Kamfanin gadon ubansa ne. Ya miƙa wa Sufeto yatsu biyu.

"Sufeto, an ce kana wahalar da kanka. Abin tausayi ne, amma ka san halin mutanen nan. Ka ba su aiki, su sace ka."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ai mun gama. Gobe yarinyar za ta kotu." Sufeto ya sosa ƙeya, ya rage murya. "Sai dai Sajen nan nawa, ɗansa ya dame shi da maganar irin takalmanku. Ka san albashi."

Fuskar mutumin ta washe. Wannan yaren ya iya shi tun yana yaro. "Haba! Don wannan? Manaja, kawo kwali."

"A'a, ranka ya daɗe, kyautar babba daga hannunsa ta fi albarka. Ga su can a kanta, ka zaɓa masa da kanka."

Suka shiga ɗakin hagu. Mai kamfanin ya toshe hanci da farin hankici, ya wuce tsakanin matan ba tare da ya kalli ko ɗaya ba, kuma bai kalli koriyar ƙofar ba ko sau ɗaya. Ya miƙa hannu kan kanta, ya ɗauko takalma biyu da ke kusa da juna, ya miƙa wa Saje.

"Ga shi. A gaida yaron."

Wata mata a layin gaba ta tsayar da keken ɗinkinta. Ta kusa da ita ma ta tsayar. Shirun ya bi layi har ƙarshen ɗaki. Manaja ya dafe kai da hannu biyu.

"Mene ne?" in ji mai kamfanin. "Me suke kallo?"

Sufeto ya karɓi ledar daga hannun Saje, ya zazzage a kan tebur. Ya jera na gawa, ya jera na kyauta a gefensu. Wari huɗu, duk hancinsu na kallon gefe guda.

"Ɗan Saje ƙafa biyu gare shi, ranka ya daɗe, hagu da dama. Marigayiyar ma haka Allah ya yi ta. A duk ginin nan kai kaɗai ne ba ka san ɗakin hagu kake ciki ba."

Ya ajiye shuɗin silifas a kusa da su. "Wannan kuma maigadinka ya ga ya fi ƙarfin wuta. Ina makullinka na ma'ajin gam?"

Mutumin ya waiga yana neman wanda zai yi wa tsawa, bai samu ba. Ɗaruruwan idanu ne a kansa, kuma wataƙila wannan ne karon farko da ya lura suna da idanu.

"Tari take yi," in ji shi a ƙarshe, muryar ta zama ta yaro. "Na riga baƙi shigowa in duba, na tarar tana tari kamar za ta amayar da huhunta. In suka ji, kwangilar shekara ta tafi. Na ce ta shiga nan kafin su wuce. Ta ce, 'Ranka ya daɗe, ba iska a ciki.' Na ce yanzun nan za a buɗe."

"Sai me?"

"Sai muka tafi cin abinci. Daga nan na raka su filin jirgi. Daga nan matata ta kira, wai in zo in ga kujerun da ta zaɓa."

"Kujeru," in ji Sufeto.

"Na manta! Wallahi mantawa na yi! Sai jiya da rana, ina neman makullin mota a aljihu, na taɓa wannan." Ya share fuska da hankicin. "Na zo na buɗe. Na sa ta a bayan mota. Sai na ga ƙafarta ba komai, na ce duk wanda ya gani zai san daga nan ciki ta fito. Sai na ɗauki biyu a kanta. Sufeto, ba da gangan ba ne. Ko nawa ne zan ba iyalinta. Wace ce ma? Yaya sunanta?"

Wata tsohuwa a can baya ta saki salati da ƙarfi. Saje ya ciro ankwa.

Suka fito da shi ta tsakiyar layi. Ba wadda ta zage shi, ba wadda ta tofa masa yawu. Kafin motar 'yan sanda ta fita daga ƙofa, ƙarar injuna ta dawo. Jirgin da zai kwashi kaya ba ya zaman makoki.

A caji ofis ogan ya fito, ya ga wanda aka kawo, ya koma ciki ya rufe ƙofa. Sufeto ya buɗe ɗakin tsaro da kansa.

"Fito, 'yata. Je ki ki yi wa Innarki sutura. Ba ɓarauniya ba ce, kuma an faɗa a gaban kowa."

Ya miƙa mata silifas ɗin. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa jar wayar da babban yatsa, sai a lokacin kukan ya zo. Sufeto ya kau da kai. Shi ma akwai wani silifas a bakin ƙofar ɗakinsa da ya kasa ɗagawa.

Saje ya tura mai kamfanin gaban kanta. Ya karɓi agogo, ya karɓi waya, ya karɓi makullai. Sannan ya nuna ƙasa da baki.

Mutumin ya kalli takalmansa masu sheƙi, ya kalli simintin da ke jiƙe. "Har da su?"

"Doka ce, ranka ya daɗe," in ji Saje. "Nan ma ba a shiga da takalmi."